Baba, ko Allah ya hana ni alherin gane Maganarsa ne?

Wasiƙar wannan mako daga Zuru ta zo, na ɗan taƙaita ta:

"Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni malamin firamare ne, shekarata 29, kuma ni nake jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa a ikilisiyarmu ran Laraba da yamma. A cikin coci na tashi. Tun ina makarantar Lahadi ba a taɓa kayar da ni a gasar haddar ayoyi ba. Amma yau wajen shekara biyu ke nan, in na buɗe littafin sai idona ya bi layi har ƙasa, zuciyata ba ta ɗauki kome ba. Mahaifiyata ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, amma in aka karanta mata Zabura sai ka ga hawaye, ta kuma faɗi abin da ni ban taɓa hangowa ba. Kwanan baya wani baƙon mai wa'azi ya karanta mana 1 Korantiyawa 2:14, ya ce mutumin da ba shi da Ruhu ba zai taɓa gane al'amuran Allah ba, sai wanda aka yi wa alheri. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. In alheri kyauta ne, ni kuma ba a ba ni ba, wahalar me nake yi? Wani abokina ya ce ya san wani bawan Allah da ke buɗe wa mutane idon ruhaniya, sai dai ba a zuwa hannu rabbana. Ina tunanin in ajiye jagorancin matasa, don ji nake munafunci nake yi. Gida lafiya, sai 'yar matsalar gona tsakanina da ƙanen mahaifina tun rasuwar babanmu, ba ma magana, amma wannan daban ne. Baba, ko Allah ya hana ni alherin ne?"

Ɗana, na amsa gaisuwa, Ubangiji ya yi maka albarka. Zan fara da abin da wataƙila ba ka so ji daga bakina ba: baƙon nan bai yi muku ƙarya ba. Abin da Bulus ya rubuta ke nan, kuma ba shi kaɗai ya faɗa ba. Mutum yana iya sanin Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Wahayi, ya san wa ya haifi wa, ya kawo maka sura da aya ido rufe, Maganar kuwa ba ta taɓa zama a zuciyarsa ba. Waɗanda suka fi kowa karatun Attaura a zamanin Yesu, su ne ya gaya wa a Yahaya 5:39-40 cewa suna ta bin diddigin Littattafai don suna tsammanin a ciki za su sami rai madawwami, Littattafan kuwa shi suke yi wa shaida, amma sun ƙi zuwa wurinsa. Ba jahilai ba ne. Da za a shirya gasar hadda a Urushalima, su za su kwashe kyaututtukan.

Kada ka ce ai waɗannan abokan gabansa ne. Dubi nasa na jiki. Mutum biyun nan da suka kama hanyar Imuwasu ranar da ya tashi daga matattu, tafiyar wajen kilomita 11 daga Urushalima, almajiransa ne. Sun ji koyarwarsa da kunnensu, sun tashi suna jin karatun Musa da annabawa kowace Asabar, har labarin matan da suka je kabari da asuba suka tarar babu gawa ya riga ya iso musu. Duk kayan suna hannunsu. Da bakinsu suka jera wa baƙon da ya riske su a hanya labarin daki-daki, ba su rage kome ba, suna jerawa suna baƙin ciki, don abin da suke riƙe da shi bai ce musu kome ba. Sai da ya bi da su ta cikin Littattafai, sa'an nan ya gutsuttsura gurasa a gabansu, idonsu ya buɗe. Da ya bayyana ga sauran a Urushalima, Luka 24:45 ta ce buɗe hankalinsu ya yi don su fahimci Littattafai. Mutanen da suka yi shekaru suna ci suna sha tare da shi ke nan fa. In su ma sai da aka buɗe musu, ni da kai su wane ne? Haka Lidiya, mai sayar da tufafin shunayya a Filibi. Ba ita kaɗai ce macen da ke zaune a bakin kogin tana jin Bulus ba, amma ita aka ce Ubangiji ya buɗe zuciyarta ta karɓi abin da ake faɗa.

Wannan kam ba abin gardama ba ne tsakanin masu bi. Ka tambayi faston cocin UMCA a Zuru, ka tambayi na cocin ECWA a Gusau, ka tambayi fadan Katolika. Za su sha bamban a kan yadda alherin Allah yake aiki da nufin mutum, an daɗe ana kai ruwa rana a kan wannan, amma ba wanda zai ce maka ƙwaƙwalwa kaɗai ta isa.

Inda ka kauce hanya shi ne lissafin da ka yi bayan an tashi sujada. Ka ce kyauta ce, ba a ba ni ba, shi ke nan an gama da ni. Wa ya gaya maka an gama rabo? Littafin da ya ce ganewa kyauta ce, shi ne kuma ya ce a roƙe ta. Yakubu 1:5 ta ce wanda ya rasa hikima ya roƙi Allah, mai ba kowa hannu sake ba tare da gori ba. A Luka 11:13 Yesu ya ce in mu da muke mugaye mun san ba 'ya'yanmu kyawawan abubuwa, balle Uba na Sama, ai zai ba da Ruhu Mai Tsarki ga masu roƙonsa. Ka buɗe Zabura 119, wadda ta fi kowace sura tsawo, aya 176. Wanda ya rubuta ta mutum ne mai ƙaunar shari'ar Allah, mai tunani a kanta dare da rana, amma a aya ta 18 roƙo yake a buɗe idonsa ya ga abubuwan al'ajabi da ke cikinta. Bai roƙa sau ɗaya ya koma ya zauna ba. A aya ta 34 ya ce a ba shi ganewa, a ta 73 ya sake, a ta 125, da ta 144, da ta 169 har yanzu abin da yake roƙo ke nan. Ka haddace wasu daga cikin ayoyin nan, na tabbata. Ka taɓa durƙusawa ka faɗe su a matsayin naka roƙon? Na ga a wasiƙarka ka ambaci karatu, ka ambaci gasa, ka ambaci koyarwa, ban ga inda ka ce ka roƙa ba.

Sa'an nan ka sake duba mutumin da ayar take magana a kansa. Bulus ya ce al'amuran Ruhun Allah wauta ce a gare shi. Wanda ya ɗauki abu wauta ba ya rasa barci a kansa, dariya yake yi ya juya ya ci gaba da minshari. Kai kuwa ga ka nan ido biyu cikin dare, kana kishin hawayen tsohuwarka, har ka zauna ka rubuto wa dattijon da ba ka taɓa gani ba. Ba zan yi maka alkawarin abin da Allah kaɗai ya sani ba, ba ni nake riƙe da littafin rai ba. Amma wannan ƙishin ba daga jiki yake fitowa ba. Mukan ce Allah ya ce tashi in taimake ka, a harkar noma da neman abinci kuwa maganar tana da amfani. A wannan harka, shi yake fara taɓa mutum kafin mutum ya yi yunƙurin tashi. Abin da kake kira alamar an ƙi ka, ni a wurina ya fi kama da alamar an riga an fara aiki.

Ba kai ne farau ba. Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya zama bishop na Hippo har rasuwarsa a 430, mutum ne da Katolika da Furotesta duk suke kira babban malami a kan zancen alheri. Shi ma mahaifiyarsa, Monika, ta riga shi nisa a bangaskiya, shi kuwa ya fi ta boko nesa ba kusa ba. Da ya fara buɗe Littafi Mai Tsarki yana saurayi, raina shi ya yi, ya ga salon rubutun bai kai na manyan marubutan Latin da ya saba da su ba, ya ajiye. Bayan ya tuba a Milan a 386, kafin a yi masa baftisma a 387, ya tambayi Bishop Ambros abin da ya kamata ya karanta, aka ce masa Ishaya. Ya fara, bai gane ba, ya sake ajiyewa sai wani lokaci. Shi da kansa ya ba da labarin. Mutumin da ya riga ya ba da gaskiya ke nan, ya buɗe annabi guda ya fito hannu wofi, bai kuwa ce don haka Allah ya yashe shi ba.

Kuma kada ka yi baƙin cikin shekarun da ka yi kana hadda, kamar an yi asararsu. Ka san yadda manoman gero na arewacin jihar Kebbi suke yin binne: su zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, su rufe, su koma gida. Wanda ya ratsa gonar ba zai ga kome ba sai rairayi. Manomin ba shi da iko a kan hadari ko na ƙwayar zarra, amma ran da ruwa ya sauka, gonar da aka yi wa binne ita take fara tsiro, wadda ba a zuba kome ba sai ciyawa. Yahaya ya faɗa har sau biyu, a 2:22 da 12:16, cewa akwai abubuwan da almajirai suka ji suka gani ba su gane ba a lokacin, sai daga baya suka tuna. A 14:26 kuma Yesu ya ce Ruhu Mai Tsarki zai tuna musu da duk abin da ya faɗa musu. Ba a tuna wa mutum abin da bai taɓa ji ba.

To, ta wace ƙofa alherin yake shigowa? Yawancinmu muna jiran wani abu ya faɗo mana daga sama muna zaune mu kaɗai a ɗaki, jiki ya ɗauki rawa. Yakan faru, ban musa ba. Amma dubi ma'ajin sarauniyar Habasha a Ayyukan Manzanni 8. Babban mutum ne, mai ilimi, yana da nasa littafin Ishaya a zamanin da ake kwafa da hannu, yana cikin karusarsa yana karanta wurin da muke kira sura 53. Ruhun da ya iya tura Filibus mai bishara wurin karusar a hanyar hamada, da ya ga dama ai da ya raɗa wa mutumin fassarar a kunne. Bai yi haka ba, mutum ya aiko masa. Da Filibus ya tambaye shi ko yana gane abin da yake karantawa, bai yi girman kai ba, ya ce ina fa, in ba wani ya bi da ni ba? Ya matsa masa wuri ya zauna. Matambayi ba ya ɓata.

Kai kuma an ajiye maka naka Filibus a tsakar gida, kana kallonta kana jin haushin kanka. Yesu ya yi wa Uba godiya a Matiyu 11:25 don ya ɓoye waɗannan al'amura ga masu hikima ya bayyana su ga 'yan yara, saboda haka abin da kake gani wurin mahaifiyarka ba sabon abu ba ne. Kuma ba rashin karatun ne ya ba ta ba, kada mu mai da jahilci abin alfahari. Ta binne miji, ta yi renonku, ta san daren da babu hatsi a rumbu, saboda haka in mai Zabura ya yi kuka ta san muryar. Ka riƙa zama kusa da ita bayan tuwon dare, ka karanta mata sura ɗaya a hankali. In kana da tsohuwar fassarar 1932, wadda Hausarta ta yi wa 'yan yanzu nauyi, ka haɗa da ta 1979 ka ga inda ɗaya ta warware ɗaya. In C'lela, yaren ƙasar Zuru, ce ta fi zama a bakinta, ku juya maganar da ita. Ka gama ka tambaye ta, Mama, me kika ji? Sa'an nan ka yi shiru. Malaman makaranta ba mu iya shiru ba, na sani, amma ka gwada. Ita tana bukatar idonka, kai kana bukatar kunnenta.

Zancen bawan Allahn da ake kai wa abin hannu kuwa, amsarsa tana cikin wannan sura ta 8 ɗin ta Ayyukan Manzanni. Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don a ba shi ikon ɗora hannu mutane su karɓi Ruhu, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi, tun da ya zaci kyautar Allah da kuɗi ake sayenta. Albashin malamin firamare bai kai a yi wasa da shi ba. Ka sayo wa Mama magi da manja.

Akwai kuma wani ɓangare da masu son zancen alheri sukan tsallake. Bulus ya gaya wa Timoti, a wasiƙa ta biyu 2:7, ya yi tunani a kan abin da yake faɗa masa, gama Ubangiji zai ba shi ganewa. A numfashi ɗaya ya haɗa su: kai ka yi tunani, shi zai bayar. Bitrus ma ya yarda cewa a wasiƙun Bulus akwai abubuwa masu wuyar ganewa, waɗanda marasa ilimi suke murɗawa. Don haka wanda ya ce shi ba ya bukatar nazari, Ruhu ne yake gaya masa kai tsaye, ka yi nesa da shi. Irinsu sun raba gidaje da ikilisiyoyi fiye da yadda za a ƙirga.

A nan ne nake da ƙorafi a kan gasar haddar da ta rene ka. Tana da kyau, ina goyon bayanta, amma tana koya wa yaro ya ɗauki littafin gutsure-gutsure. Annabawa da manzanni ba su rubuta lambobin nan ba. Rabon surori da muke amfani da shi a ƙarni na 13 aka yi shi, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Wasiƙa Bulus ya rubuta wa Korantiyawa, aka tsaya gaban jama'a aka karanta musu ita daga gaisuwa har sallama. Ba wanda ya yanko musu layi ɗaya ya ce su je su kwana da shi. Kai kuwa an yanko maka 2:14, ka tafi gida da ita, ta hana ka barci. Da ka ja baya aya biyu, da ka ga 2:12, inda ya ce mun karɓi Ruhun da yake daga Allah domin mu san abubuwan da Allah ya ba mu kyauta. Da ka yi gaba aya uku, ka tsallake babbar lambar 3 ɗin nan da ta tsaya kamar nan zance ya ƙare, da ka ji abin da ya fi wannan.

Ga abin da ya ce a 3:1-3. Ya kira su 'yan'uwa. Ya kira su jarirai cikin Almasihu, wato suna ciki, ba a waje suke ba. Amma ya ce madara ya ba su, bai ba su abinci mai tauri ba, don ba su iya ɗauka ba, har yanzu ma ba su iya ba. Sa'an nan ya faɗi dalili, dalilin kuwa ba ƙarancin basira ba ne, don tun a farkon wasiƙar ya yaba musu a kan ilimi da iya magana. Ya ce akwai kishi da jayayya a tsakaninsu.

Ɗana, mu koma layin da ka sa a ƙarshen wasiƙarka ka ce wannan daban ne.

Ba ka gaya mini shekarar da babanku ya rasu ba. Ka ƙirga da kanka, ka ga ko ta yi kusa da shekara biyun da ka ce littafin ya daina yi maka magana. In ta yi kusa, abu biyu ne suka faɗo maka lokaci ɗaya. Na farko makoki ne. Wanda ya rasa uba yakan yi watanni abinci ma ba ya yi masa daɗi a baki, balle karatu, kuma wannan ba zunubi ba ne. Ba zan zama kamar abokan Ayuba ba, waɗanda suka ga mutum cikin wahala suka rantse sai da ya yi laifi. Na biyun kuwa gaba ce, ita kuma ba zan rufe ido a kanta ba don in faranta maka.

Ina zargin matsalarka ba duka ta ganewa ba ce. Akwai wuraren da ka gane sarai, ganewar ce ma ta sa kake saurin juya shafi. Matiyu 5:23-24, inda aka ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a gaban bagade ka je ku shirya tukuna: wace kalma ce mai wuya a ciki? Addu'ar Ubangiji da kuke yi kowace Lahadi, inda kake roƙon a gafarta maka kamar yadda kake gafarta wa waɗanda suka yi maka laifi, tana bukatar wani ya buɗe maka idon ruhaniya? Mutum ba ya iya toshe kunnensa ga shafi ɗaya ya bar shi a buɗe ga sauran. In ya saba cewa "ban da wannan," a hankali sai muryar duka ta yi nisa. Yesu ya ce a Yahaya 7:17 wanda yake da niyyar aikata nufin Allah shi zai san ko koyarwar daga Allah take. Mu mun fi son a fara ba mu sani, in mun gamsu mu yi biyayya. Sau da yawa ta ɗaya gefen ake shigowa.

Kada ka ji ni ba daidai ba. Ban ce ka bar masa gonar ba. Ban san wa yake da gaskiya ba, kuma ba a raina zancen gona a ƙasar Zuru, balle yanzu da 'yan bindiga suka hana mutane noma a wurare da dama na Danko/Wasagu da Sakaba, gonar da ke kusa da gari ta zama abin da kowa yake sa wa ido. In hakkin mahaifiyarka da ƙannenka ne, ka nema musu. Akwai dattawan dangi da suka san iyaka tun kakanni, akwai mai unguwa da hakimi, in ƙanen baban naka mai bi ne akwai dattawan ikilisiya bisa ga Matiyu 18:15-17, in duk sun gaza akwai kotu. Ana iya neman hakki ana gaisawa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka wuce ƙanen ubanka a kasuwa ka kau da kai, ran Laraba kuma ka buɗe Afisawa 4 ka karanta wa matasa cewa kada rana ta faɗi suna cikin fushi, ka sa ran za ka ji daɗin karatun.

Za ka ce mini, Baba, ba zan iya ba, ba ka san abin da mutumin nan ya faɗa ran sadakar babanmu ba. Na yarda ba za ka iya ba. Nan ne ainihin wurin da kake bukatar alherin da kake tambaya a kai. Ganewa kyauta ce, karɓa ma kyauta ce, ta biyun ma ta fi tsada, don ita take cin girman kai. Yakubu 1:21 ta ce a karɓi Maganar da aka dasa da tawali'u, tawali'u kuwa ba ya tsirowa da kansa a zuciyar wanda aka cuta. Saboda haka kada ka jira sai ka ji kana ƙaunarsa. Ka yi irin addu'ar mahaifin yaron nan na Markus 9:24, wanda ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Ka gaya wa Ubangiji ƙiri-ƙiri: na gane abin da ka ce, ba na so, ka ba ni so. Ka ambaci sunan baffan naka a cikin addu'ar, ko da ya maƙale maka a wuya. Sa'an nan wata safiya ka je ƙofar gidansa ka durƙusa ka ce, Baba, ina kwana? Kada ka ta da zancen gona ranar. In ya amsa, madalla. In ya share ka, kai ka sauke naka, Romawa 12:18 ma cewa ta yi in mai yiwuwa ne, iyakar abin da yake hannunka. Ba na yi maka alkawari cewa daga dawowarka za ka buɗe Zabura hawaye su zubo. Hawaye ba su ne ma'auni ba, akwai masu bi na ƙwarai da ba su taɓa kuka a kan aya ba. Wataƙila a daɗe. Amma za ka zauna gaban littafin babu shafin da kake gudu.

Jagorancin matasa kuma kada ka ajiye shi a asirce da wata hujjar ƙarya ta yawan aiki. Ka je wurin fastonku ka gaya masa duk abin da ka gaya mini, har da gonar, shi ya fi ni sanin ku, ku yanke shawara tare. In ya ce ka huta na ɗan lokaci, ka huta ba tare da jin kunya ba. In ya ce ka ci gaba, to ka sauya yadda kake yi. Ku bar tsalle daga aya zuwa aya, ku ɗauki Bisharar Markus, sura 16 ce kawai, kai ka fara karanta ta duka a zama ɗaya ko biyu, sa'an nan ku bi ta tare sannu a hankali. Ku fara kowane zama da Zabura 119:18, da baki ɗaya. In wani yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce masa ban gane wannan ba tukuna, mu tambayi fasto. Munafuki shi ne mai nuna yana da abin da ba shi da shi, ba mai faɗin gaskiyar inda ya tsaya ba.

Rashin barcin nan kuma, in ya zarce makonni, ko abinci ya fita daga ranka, ko ka fara jin rayuwar ma ba ta da amfani, kada ka tsaya a kan addu'a kaɗai, ka je asibiti ka faɗa wa likita. Ka gaishe mini da Mama, ka kuma rubuto mini bayan ka je gaisuwar nan, in ji yadda kuka yi.